Yayana ya rasu a wurin aiki, kamfani na so mu sa hannu a takarda

Ƙanwar marigayi: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman shawara, kaina ya kulle. Yayana ya faɗo daga saman ginin da suke aiki, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Shi ya riƙe mu tun rasuwar mahaifinmu, shi ya biya min makaranta, ya bar karatunsa saboda mu, ko da ya yi aure bai taɓa barin Mama ta nemi wani abu ta rasa ba. Mutum ne da ko ba shi da lafiya sai ya fita aiki. Ya bar mata da yara uku, ƙaramin bai fara tafiya ba. Abokan aikinsa sun ce katakon da ya taka ne ya karye, kuma ba a ba su igiyar ɗaure jiki ba. Mutanen kamfanin sun zo ta'aziyya da kuɗi a ambulan, suka ce akwai ƙari idan muka sa hannu a wata takarda. Baffanmu ya ce a karɓa a bar wa Allah. Ni zuciyata ba ta kwanta ba. Me zan yi?

Maman Biyu: Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari. Yaushe abin ya faru? Kuma a wace ƙasa kuke?

Tsohon ɗan ƙungiyar ƙwadago: Kada wanda ya sa hannu a komai sai lauya ya karanta. Irin wannan takarda yawanci cewa take kun yafe duk wani haƙƙi. Hanya biyu ce. Akwai asusun diyyar ma'aikata, wanda ba sai kun nuna laifin kowa ba, a tabbatar dai a bakin aiki ya rasu. Akwai kuma ƙarar sakaci a kotu, inda sai kun kawo hujja. A wurare da dama idan kuka bi ɗaya kun rufe ɗayar. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 121 ta 1964 ta tanadi a riƙa biyan matar mamaci da yaransa, har da kuɗin jana'iza. Idan a Najeriya kuke, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa wanda ya ɗauki ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, hukumar gwamnati mai kula da diyyar ma'aikata, kuma cikin shekara ɗaya daga rasuwar ake shigar da buƙata. Ki haɗa takardar shaidar mutuwa, rahoton likita, shaidar albashi, da lambobin waɗanda suka ga faɗuwar, tun kafin a sallame su su watse.

Direba: Malam, duk wannan a takarda yake. Ni motar aiki ta kife da ni, ƙafata har yau ba ta miƙewa. Na bi ofis-ofis har na gaji, lauyan ya daina ɗaukar wayata, ƙarshe ma aikin aka raba ni da shi. 'Yar'uwa, ku karɓi abin da ke hannu, yaran nan yau za su ci abinci.

Tsohon ɗan ƙungiyar ƙwadago: Abin da suke so ku ce kenan. Kuɗin ambulan wata nawa zai yi? Yaro mai rarrafe shekara nawa ya rage masa kafin ya tsaya da ƙafarsa?

Ƙanwar marigayi: Na gode. Ba shi da takardar ɗaukar aiki, wani ɗan kwangila ne ya kawo su, a hannu yake biyansu. Kuma Baffa ya riga ya sa hannu a wata takarda ranar da suka zo, amma ya ce ta shaidar karɓar kuɗi ce kawai.

Tsohon ɗan ƙungiyar ƙwadago: To da kika ɓoye wannan me kike so mu ce? Ina kwafinta? Gobe ki je ki nema. Sannan ba lallai sa hannun Baffa ya ɗaure matar da yaran ba, su ne masu haƙƙi. Rashin takardar aiki ma ba ya kashe magana, shaidu da saƙonnin waya da katin shiga wurin aiki duk hujja ne. A nemi ɗan kwangilar da mai ginin duka biyun.

Ƙanwar marigayi: Ban ɓoye ba, Malam. Kai ba ka san gidanmu ba. Ana cikin kuka zan tashi a gaban manya in ce Baffa kawo takarda in karanta? Shi ya tsaya a kan komai ranar, ba zan tozarta shi ba.

Hajiya Babba: 'Yata, ki bi a hankali. Kwanansa ne ya ƙare, kuɗi ba zai dawo da shi ba. Mu da muka je kotu kan gadon mahaifinmu, har yau ba ma gaisawa da 'yan ɗakin can.

Maman Biyu: Hajiya, yarda da ƙaddara daban, haƙƙin marayu daban. Ita matar fa, an tambaye ta abin da take so?

Ƙanwar marigayi: Ba ta cikin hayyacinta, ba zan ɗora mata wannan yanzu ba. Kuma kuɗin ambulan an riga an taɓa su, an biya bashi da hayar gida. Idan muka kai ƙara za su ce mu mayar? Sannan zan iya zuwa ofishin ƙwadago ni kaɗai ba tare da Baffa ya sani ba?

Direba: Ki je mana, za ki ga layi. Ni fayil ɗina ma cewa suka yi ya ɓata.