Na sayi gida, takardar ciniki kawai ke hannuna

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah shawara nake nema. Na sayi gida a Kano ta hannun dillali, an biya mafi yawan kuɗin, mai unguwa da shaidu sun sa hannu a takardar ciniki. Wanda ya sayar ya ba ni fotokwafin satifiket ɗin mallakar filin da gwamnati ke bayarwa, wai asalin yana wurin yayansa, zai kawo. Har yau shiru. Ina zan samo kwafin da hukuma za ta yarda da shi?

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sanya alheri, ya sa a shiga lafiya. Ki duba lambar fayil a jikin fotokwafin, ki kai ma'aikatar ƙasa da safiyo, ɓangaren KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta Kano. Ki fara biyan kuɗin binciken fayil kafin maganar kwafi. A nan za a ga sunan wa ke ciki, da ko an jingina gidan a banki.

Baba Alhaji: 'Yata, wannan "yana wurin yayana" ɗin ne bai kwanta min ba. Gidan gado ne? In gado ne, ki nemi takardar rabon gado daga kotun shari'ar da ta raba, mai hatimin kotu. Rijistaran kotun kan ba da kwafi idan aka rubuta takardar nema. Na ga inda magaji ɗaya ya sayar, daga baya ƙannensa mata suka tashi, aka koma gaban alƙali.

Maman 'Yan Biyu: Baba, wallahi ban tambaya ba. Dillalin ya ce gidan na mai sayarwar ne shi kaɗai.

Baba Alhaji: Dillali la'adarsa yake kallo. Ki tambayi maƙwabta.

Barista: Hajiya, kwafin da kike nema akwai shi, ana samun mai hatimin tabbatarwa daga rijistar filaye, kuma irinsa kotu ke karɓa a madadin asali. Sai dai ko kin karɓo shi gobe, sunan tsohon mai gidan za ki gani a kai. Nan gizo ke saƙa.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna. Sashe na 22 ya ce mai satifiket ba zai miƙa wa wani haƙƙinsa ba sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ba shi da inganci. A kan haka Kotun Ƙoli ta rushe jinginar gida a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo a 1989. Don haka lauya ya rubuta muku takardar miƙa mallaka, ke da mai sayarwa ku sa hannu, a nemi amincewar gwamna, a biya harajin hatimi, a yi mata rijista. Daga ranar sunanki ya shiga fayil, ko takardu sun ƙone za ki iya komawa ki karɓi kwafi da kanki. Takardar mai unguwa shaida ce mai amfani, ki adana ta, amma ita kaɗai ba ta canza suna a ma'aikata.

Ɗan Kwari: Barista, in kuma asalin ya ɓata ne da gaske fa?

Barista: To wanda sunansa ke jiki shi zai yi wahalar, ba Hajiya ba. Ya yi takardar rantsuwa a kotu, ya karɓo takardar rahoton ɓata daga 'yan sanda, a buga sanarwa a jarida, sannan ya rubuta wa ma'aikata. Wanda ya ƙi yin wannan, yawanci ya san inda takardar take.

Anti Abuja: Mu nan Abuja hukumar bayanan filaye ta AGIS ake zuwa, kuma ministan Abuja ne ke ba da amincewa tunda ba mu da gwamna. 'Yan Kaduna kuma KADGIS. Abin da zan ƙara, ki tambaya ko ana bin gidan bashin kuɗin hayar ƙasa na gwamnati, don sai an biya za a taɓa fayil ɗin. Kuma komai ki biya ta banki ki karɓi rasit, kada ki ba masu tare mutane a bakin ƙofa.

Malam Safiyo: Kada a manta zanen fili. Ki sa a gwada shi da gidan, a duba duwatsun iyaka. Yakan faru satifiket na fili ɗaya ne babba, aka yanka shi gida uku aka sayar, kowa riƙe da fotokwafi iri ɗaya. Irin wannan sai an nemi izinin raba fayil.

Anti Abuja: Idan takardun sun fito ki ɗauki hotonsu ki tura wa kanki ta imel. Ni dai ba na son a manne satifiket cikin leda mai zafi, don wataran za a buƙaci buga hatimi a bayansa.

Maman 'Yan Biyu: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Akwai ragowar kuɗi kaɗan da ban cika wa mai sayarwar ba. In riƙe?

Barista: Riƙe, Hajiya. Ki sanar da shi a rubuce cewa cikon na nan sai ya kawo asalin satifiket ya kuma sa hannu gaban lauya. Ranar da za ki je binciken fayil ki tafi da katin shaidarki da takardar cinikin.