Neman shawara kan muƙalar salon Gotik a waƙoƙin zamanin Romantik

Ɗalibar Adabi, Tudun Wada:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa. Ni ɗaliba ce a sashen Turanci a nan Kaduna, kuma an ba mu aikin rubuta muƙala a kan alamomin Gotik, wato salon adabi mai tsoratarwa, a waƙoƙin Ingila na zamanin Romantik, wato daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa farkon ƙarni na 19. Na tattara duk abin da na gani na duhun dare, tsofaffin gine-gine, fatalwa da mutuwa a waƙoƙin Coleridge da Keats da Byron, amma da na karanta abin da na rubuta sai na ga jeri ne kawai, babu wata hujja da nake karewa. Ta ina ya kamata in kama?

Malamin Adabi, Barnawa:

Wa alaikumus salam. 'Yata, mawaƙa uku sun yi wa gajeriyar muƙala yawa; ki ɗauki waƙa ɗaya, ki tambayi kanki aikin da tsoro yake yi a cikinta. Da ni ne, Christabel ta Coleridge zan ɗauka, wadda aka buga a 1816 ba tare da ya kammala ta ba.

Ki tsaya a wurin da Christabel, yarinyar da waƙar take magana a kanta, ta shigo da baƙuwa Geraldine gidan mahaifinta da tsakar dare. A bakin ƙofa baƙuwar ta yanke jiki, sai da Christabel ta ɗauke ta da hannunta ta tsallakar da ita, daga nan ta miƙe garau. Tsohuwar karyar gidan ta yi gurnani cikin barci, garwashin da ya kusa mutuwa ya tashi da harshen wuta, amma yarinyar ba ta farga ba. Da suka shiga ɗaki baƙuwar ta kwance tufafinta, mawaƙin ya ƙi faɗa mana abin da aka gani a jikinta. Ga hujjarki nan: sharrin bai fasa gida ya shiga ba, tausayi ne ya buɗe masa ƙofa, kuma abin da aka ɓoye wa mai karatu ya fi abin da aka nuna masa razanarwa. Marubuciyar labaran Gotik Ann Radcliffe ta bambanta fargabar da ke farkar da tunani da firgicin da ke daskarar da shi a wani rubutunta da ya fito a 1826, bayan rasuwarta. Zai yi miki amfani sosai a nan.

Tsohon Ɗalibi, Kawo:

Malam, Allah ya ƙara sani, amma ina ganin kada ta manta da tarihi. Byron ya rubuta Darkness a 1816, shekarar da Turai ba ta ga bazara ta gari ba saboda tokar dutsen Tambora na Indonesiya da ya yi aman wuta a 1815. Rana ta mutu a waƙar, mutane suna ƙona gidajensu don su ga haske. Wannan tsoro ne da mutanen lokacin suka ɗanɗana.

Malama, Unguwar Rimi:

Maganarka gaskiya ce, sai dai tarihi ya kan janye ɗalibi ya cika shafuka da labarin dutse da juyin juya halin Faransa, ya bar waƙar a gefe. Sakin layi ɗaya ya isa. Ƙanwata, duk da'awar da kika yi ki kawo ɗango ko baitin da ya tabbatar da ita, ki duba zaɓen kalmomi da karin waƙar, domin a salo ake samun maki, ba a sake ba da labari ba. Geraldine za ta tuna miki da aljanar labaran gidajenmu mai zuwa da kyakkyawar fuska da kofato a ƙafa, amma ki tambayi malaminku tukuna ko ya yarda a saka irin wannan kwatanci.