Wace gaɓa ce fankiriyas, kuma me ya sa kitsen layya ya kwantar da karena?

Mai tambaya, daga Birni, Damagaram:
Assalamu alaikum. Kwana biyu bayan Babbar Sallah yara suka tara wa karen gadinmu kitsen layya da ragowar suya, ya cinye tas, washegari kuma ya kama amai, ya ƙi abinci, yana dafa ƙirji a ƙasa yana ɗaga bayansa sama saboda murɗar ciki. Likitan dabbobi ya ce fankiriyas ɗinsa ce ta kumbura, amma mahaucinmu ya ce ai saifa ake nufi. Wane ne ke da gaskiya, kuma mene ne aikinta?

Amsa ta farko, daga wani ɗalibin likitancin dabbobi:
Wa alaikumus salam. Malam, likitan ne ke da gaskiya, domin saifa ja ce wur mai duhu, ita kuwa fankiriyas fara-fara ce mai laushi, tana kama da kitse a ido. A jikin kare tana da reshe biyu: na dama yana manne da farkon ƙaramin hanji, na hagu kuma yana bin bayan tumbi ya nufi wajen saifa, wataƙila daga nan ruɗanin ya samo asali. Babban aikinta shi ne zuba wa hanji ruwan da ke narkar da kitse da nama da sitaci, tare da wani sinadari mai kashe tsamin da ke gangarowa daga tumbi. Sinadarin narkar da naman yana fita ne a kwance, sai ya isa hanji yake farkawa. Idan ya farka tun yana cikin gaɓar, sai ya soma cin ta ita kanta, wannan shi ne kumburin. Cin kitse mai yawa a lokaci guda yana cikin abubuwan da ke jawo haka ga karnuka.

Amsa ta biyu, daga wata malamar makaranta a Zango:
Ina so in ƙara da batun kyanwa, tun da ita nake kiwo. A mafi yawan kyanwoyi bututun fankiriyas yana haɗuwa da na matsarmama kafin su shiga hanji, shi ya sa ciwon kan haɗa da hanta da hanji, kuma ba lallai ta yi amai ba, sai dai ta lafe a lungu ta daina ci. Kada a bar ta kwanaki ba ci, domin kitse kan taru mata a hanta, kuma kada a kuskura a ba ta farasitamol, guba ce gare ta.

Ɗalibin ya sake cewa:
Gaskiya ne, Malama. Akwai kuma aiki na biyu da ban ambata ba: wasu ƙananan tarin ƙwayoyi a cikinta su ne ke samar da insulin mai daidaita sukari a jini. A jikin kare aka gano alaƙar fankiriyas da ciwon sukari, lokacin da masu bincike Minkowski da von Mering suka cire wa wani kare ita a 1889 ya kamu da ciwon sukari, kuma da karnuka masu bincike Banting da Best suka yi gwajin insulin a birnin Toronto na Kanada a 1921. Saboda haka, Malam, bayan ya warke ka riƙa ba shi abinci marar maiƙo kaɗan-kaɗan, idan kuma ka ga yana yawan shan ruwa da fitsari yana ramewa, ka mayar da shi wurin likita a auna sukarinsa.