Awon tsawon bakin mahaifa da sikan: yaya kuke yi a wurarenku?

Ungozomar Nima: Salamu alaikum 'yan uwa. Mata na zuwa awo da takardar sikan an rubuta bakin mahaifa milimita 38 ko 40, amma da ka tambaya sai ka ji ta saman ciki aka auna, bayan an ɗura mata ruwa har fitsari ya matse ta. Wannan awon abin dogaro ne?

Mai Sikan Aboabo: Wa alaikumus salam Anti. Ba abin dogaro ba ne. Cikakkiyar mafitsara tana danne bakin mahaifa ta miƙar da shi, gajere ya fito dogo. Sai ta gaba, wato ta farji, ake aunawa, bayan ta yi fitsari. A sa man sikan cikin robar rufi kafin a saka wa sandar sikan da ake shigarwa, a tabbata babu iska, a shigar a hankali. Idan layin bakin ya fito tun daga ƙofar ciki zuwa ta waje, a ɗan janye sandar har hoton ya dushe, sannan a mayar kaɗan. Nan mutane da yawa ke kuskure: dannawa da ƙarfi ma tana ƙara tsawo. Alamarta, leɓen bakin mahaifa na gaba ya fi na baya siranta. A ƙara girman hoton har bakin ya cinye kamar kashi biyu cikin uku na allon, a auna sau uku, a rubuta mafi gajarta cikin masu kyau.

Kada a yi gaggawa. A ba shi minti uku zuwa biyar, domin ƙasan mahaifa kan murɗa ya ruɗi ido.

Ungozomar Nima: Wane lokaci ya fi dacewa?

Dakta Asawase: Tsakanin mako 16 da 24, Hajiya. Kafin mako 14 da wuya a raba bakin da ƙasan mahaifa. Wadda ta taɓa haihuwar bakwaini, a maimaita mata duk mako biyu. Iyakar da muke kallo milimita 25 ce, domin gajeren baki na nuna haɗarin haihuwar bakwaini. Idan bai wuce haka ba kuma ɗa ɗaya ne a cikin, ana ba ta furojestaron na matsi, maganin rage haɗarin haihuwa da wuri, miligiram 200 kowane dare, har wajen mako 34 zuwa 36. Ɗinkin bakin mahaifa kuwa an fi yi wa wadda ke da tarihin bakwaini kuma bakin ya gajarta kafin mako 24. Masu tagwaye hukuncinsu daban, a bar wa ƙwararru a manyan asibitocin koyarwa na Ghana, Komfo Anokye ko Korle Bu.

Anti Sabon Zango: Ku ƙara da wannan: mata da yawa na tsoron sandar za ta zubar da ciki. Ba ta zubarwa. A yi mata bayani tukuna, a rufa mata zane, mace ta tsaya kusa. Gajeren baki kuma ba ya nufin lalle za ta haihu da wuri, da yawa suna kaiwa wata tara.

Dakta Asawase: Haka ne Anti. Amma in ta zo da ciwon mara kafin mako 34 kuma awon ya gaza milimita 15, kada a sallame ta gida. A tura ta inda ake da kwalabar jarirai, a fara mata allurar ƙarfafa huhun jariri.