Tsofaffin baturan kwamfuta da fitilar sola: shin TP4056 ya wadatar?

Ɗalibin Lantarki ya rubuta:

Assalamu alaikum. Na fasa wasu tsofaffin baturan kwamfutar tafi-da-gidanka guda biyu, na samu ƙwayoyin batirin litiyam samfurin 18650 guda goma sha biyu a cikinsu, kuma burina shi ne in haɗa fitilar karatu wadda faranti ɗaya na sola mai bolt 6 zai riƙa yi wa caji da rana. Da na auna su da mita, bakwai sun nuna sama da bolt 3.5, uku suna wajen 2.8, biyu kuma ba su kai 1.5 ba. Ina da ƙaramin allon caji na TP4056. Tambayata ga malamai ita ce: zan iya haɗa dukkansu wuri guda in yi musu caji da shi, ko akwai haɗarin da ban hango ba?

Mai Gyaran Rediyo ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Fara da waɗancan biyun da suka faɗi ƙasa da bolt 2: ka ware su, kada ka ce za ka farfaɗo da su. Idan batirin litiyam ya zube haka ya daɗe a ajiye, jan ƙarfen da ke cikinsa yakan fara narkewa, kuma da zarar an sake yi masa caji sai ya taru ta yadda zai iya haɗa ɓangarorin batirin biyu, na (+) da na (-), daga ciki, daga nan kuma sai zafi, wani lokacin har da wuta.

Sauran goman ma awon mita kaɗai ba ya tabbatar da lafiyarsu. Ka cika kowanne shi kaɗai zuwa bolt 4.2, kana taɓa shi lokaci-lokaci ko ya ɗauki zafi, sannan ka rubuta lamba a jikinsa ka ajiye shi mako biyu. Wanda ka tarar ya sauka sosai ba tare da an yi aiki da shi ba, yana tsiyaya ne daga ciki, kuma idan ka haɗa shi da masu lafiya zai riƙa shanye cajinsu. Waɗanda suka tsira, sai ka tabbatar awonsu ya yi daidai da juna kafin ka haɗa su kai da kai, ƙasa da ƙasa. Kada kuma ka daɗe da ƙarfen dalma a kan batir. Ni na taɓa lalata guda huɗu masu kyau ta haka. Gidan batir mai sifirin ya fi maka sauƙi.

Injiniya daga Zariya ya ƙara da cewa:

Malam ya gama magana a kan tantance baturan, ni kuma allon cajin ne ya fi damuna. TP4056 ba ya wuce amfiya 1, kuma rarar ƙarfin wutar da ya shigo masa zafi yake mayar da ita, saboda haka idan rana ta take, farantin ya haura bolt 6, za ka ji allon yana ƙuna. Idan kuma hadari ko ƙurar hunturu ta rufe rana, zai yi ta jan abin da farantin ba zai iya bayarwa ba, cajin ya riƙa yankewa. Allon CN3791 ya fi dacewa, domin an yi shi ne musamman don sola. Idan dai TP4056 ɗin ne a hannu, to a duba ko yana ɗauke da ƙaramin guntun kariya DW01, wanda ke yanke wuta kafin batir ya zube gaba ɗaya. Akwai masu shi, akwai marasa shi, kuma kamanninsu kusan ɗaya ne.

Abin da aka fi mantawa da shi a ƙasarmu shi ne zafi. Masu ƙera waɗannan batura sukan gargaɗi kada a yi musu caji a zafin da ya wuce digiri 45, alhali ɗaki mai rufin kwano a watan Afrilu yana iya kai wa haka cikin sauƙi. Farantin ya hau rufi, amma akwatin baturan ya zauna ƙasa a inuwa.

Wata Malamar Kimiyya ta ce:

Injiniya, a ganina ya kamata ɗalibin nan ya san cewa 18650 ba shi ne ƙarshen zance ba. Batirin LiFePO4, wani nau'in batirin litiyam, ya fi jure zafi kuma ya fi daɗewa, sai dai bolt 3.2 yake bayarwa, cajinsa kuma yana tsayawa a 3.65, wato TP4056, wanda ke kai caji har bolt 4.2, zai wuce da shi iyaka ya lalata shi. Akwai kuma batirin sodiyam, wanda kamfanin CATL na ƙasar Sin ya gabatar da samfurinsa na farko a 2021. Bai kai litiyam riƙe wuta ba idan aka kwatanta nauyi, amma sinadarinsa ya fi yawa a duniya nesa ba kusa ba.

Ɗalibin Lantarki ya dawo:

Na gode, Allah Ya ƙara ilimi. Na duba allon nawa, babu DW01 a jikinsa. Biyun na ware su, na liƙe kawunansu da tef, goman kuma na fara cika su ɗaya bayan ɗaya. Na uku ya yi zafi tun kafin ya kai bolt 4, don haka shi ma ya bi sahun waɗancan.