Yini guda a gonakin inabin Shamfen da ɗan jagora: wa ya taɓa zuwa?

Maman Sultana, Landan

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wurin aikinmu sun shirya wa ɓangarenmu tafiya Faransa a wata mai kamawa, kuma an ware yini guda don zagaya yankin Shamfen, inda ake yin giyar nan mai kumfa. Mota ce tamu mu kaɗai da ɗan jagora, ba bas ɗin da ake lodawa da 'yan yawon buɗe ido ba. A takardar an ce za a shiga rumbunan ajiya biyu, a ci abincin rana a wani ƙauye, a yi ɗanɗano. Ni kaɗai ce Musulma a cikinmu, kuma shugabarmu ce ta zaɓi wurin da kanta. Duk wanda ya taɓa irin wannan tafiya, mai sha ne ko ba mai sha ba, don Allah ya faɗa mini yadda yinin yake gudana. So nake in san abin da zan tarar kafin in ce e ko a'a.

Ɗan Damagaram, Reims

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin faɗo gidan sani, don a Reims nake karatu, kuma ƙarshen mako nakan riƙe wa wani mai ƙaramin kamfanin yawo tuƙi. Direban da ba ya sha abin nema ne a nan, domin dokar Faransa ba ta yarda mai tuƙi ya wuce giram 0.5 na barasa a kowace litar jini ba.

Daga Faris, jirgin ƙasa mai gudu yana kawo mutum Reims cikin minti 45 daga tashar Gare de l'Est. Yawanci a tasha muke ɗaukar baƙi. Da hantsi ana farawa da ɗaya daga cikin manyan gidajen da ke yin giyar, ko dai a Reims ko a Épernay, inda akwai titi guda da ake kira Avenue de Champagne. Ƙarƙashinsa ramukan ajiya ne da tsawonsu ya haura kilomita 100. Gidan Moët & Chandon kaɗai, wanda aka kafa a 1743, yana da kamar kilomita 28.

Ki taho da rigar sanyi ko da a tsakiyar zafi ne, da takalmi marar tsini. A ƙasa ma'aunin zafi ba ya wuce digiri 10 zuwa 12 duk shekara, ga laima, ga matakala mai yawa. In kina da ciwon gwiwa ki sa a tambaya tun da wuri, don gidan Mercier yana da lif da ɗan jirgin da ke zagayawa da mutane a zaune. Wasu ramukan na Reims tun zamanin Rumawa aka haƙa su don ciro farin dutsen alli na gini. Idan kika ɗora tafin hannu a bango za ki ji damshi, hannun ya fito da fari. A yaƙin duniya na farko, da Jamusawa ke ruwan bama-bamai a garin, a cikinsu mutane suka ɓuya, har makaranta aka yi wa yara a ƙasa.

Ga abin da na lura da shi, kuma shi ne amsar tambayarki. A babban gida, kusan awa guda tafiya ce da bayani, shan kuma a ƙarshe ne, a tsaye, 'yan mintoci. Kina iya wucewa waje ki jira, ba mai ɗaga ido ya dube ki. Inda abin yake da nauyi shi ne gidan ƙaramin manomi da rana. Can zama ake yi a teburi, mai gonar da kansa yake zubawa yana kallon fuskar kowa, yana ba da labarin kakansa. Ƙin karɓa a wannan wurin sai an shirya masa tun kafin a iso.

Baba Ayuba, Manchester

'Yata, ni Kirista ne daga Kafanchan, kuma na ɗanɗana, don haka bari in ba ki ɓangaren da sauran ba za su iya ba. Yarana ne suka biya mana ni da mai ɗakina lokacin da na yi ritaya. Kuɗin ba na wasa ba ne, ɗaruruwan Yuro, amma tunda kamfani ne zai biya miki, wannan ba damuwarki ba ce.

Ɗanɗanon nan ba shaye-shaye ba ne irin wanda ake zato. Kaɗan ake zubawa, a ce ka duba launi, ka shinshina, ka kurɓa, ga bokitin tofarwa a gefe. Inabi iri uku ne ginshiƙin abin: Chardonnay fari, da baƙaƙe biyu, Pinot noir da Meunier. Abin da ya ba ni mamaki shi ne baƙin inabi yana ba da farin ruwa, saboda a hankali ake matse shi, ba a barin launin ɓawon ya sauka. Wata mata mai gona kusa da Avize ta nuna mana injin matsarta, ta ce doka ce: daga kilo 4,000 na inabi, lita 2,550 kawai aka yarda a ɗiba.

Daga nan ta sauka da mu ƙasa ta ɗauko kwalba ta ɗaga ta saitin fitila. Sai ga guggubi kwance a gefe guda. Ta ce a cikin kwalbar ake ƙara sukari da yis a rufe, giyar ta sake tsimuwa, iskar ba ta da hanyar fita, ita ce kumfar. Dole ta kwana aƙalla wata 15 a rami, mai ɗauke da shekarar girbi kuma shekara 3. Sannan a soke kwalaben a katako mai ramuka, baki na kallon ƙasa, ana murɗa su kaɗan-kaɗan har guggubin ya taru a wuya, a daskarar da wuyan, a buɗe, ƙarfin iskar ya harbo ƙanƙarar waje. Wannan dabarar katakon daga gidan Veuve Clicquot ta fito, wajen 1816, a hannun matar da mijinta ya rasu a 1805 ya bar ta tana da shekara 27. Yanzu inji ne ke yin yawancin murɗawar, amma matar nan ta gwada mana da hannu biyu, kwalba bibbiyu, da saurin da idona bai iya bi ba.

Mun je Hautvillers, ƙauyen da kabarin Dom Pérignon, wani malamin coci da ya yi suna a haɗa giya, yake a cikin coci. Ya rasu a 1715. Ɗan jagoranmu mai gaskiya ne, ya ce kada mu yarda da labarin cewa shi ya ƙirƙiro kumfa. Gwanintarsa a haɗa inabin gonaki daban-daban take. Daga bayan ƙauyen ana hango kogin Marne da gonaki jere har ƙarshen gani. Wannan kallon ya fi mini duk abin da na kurɓa.

Gida uku aka rubuta mana, kuma na uku asara ce, don harshe ya riga ya mutu, komai ɗaya nake ji. Biyu sun isa. Mai ɗakina ba ta sha ko kaɗan, a cocinsu haramun ne. Ruwan inabi zalla aka ba ta a gida ɗaya, a ɗayan kuma ruwa, ba wanda ya tambaye ta dalili.

Abban Huzaifa, Liyon

Baba Ayuba, mun gode da bayani, Allah ya ƙara lafiya. Amma Hajiya, matsalarmu ba ta tsaya ga kurɓa ba. Kin san hadisin da ya hana zama a teburin da ake zagayawa da giya. Ki tambayi malamin da kika yarda da shi, ni ba mai fatawa ba ne, abin da na yi kawai zan faɗa.

Da kamfaninmu ya kai mu, na gaya wa shugabana tun ana saura mako biyu cewa zan bi su Reims amma ba zan shiga ɗanɗano ba. Ya ɗan yi shiru, ya ce to. Amfanin motar da ba ta haya da kowa ke nan: aka sauke ni a tsakiyar gari, aka sa lokacin da za a dawo a ɗauke ni. Na ga babban cocin da ake naɗa sarakunan Faransa a da, na ƙarshensu Charles na 10 a 1825. Na taka zuwa ɗakin da Jamus ta sa hannu kan miƙa wuya ranar 7 ga Mayu 1945, taswirori na nan a bango yadda aka bar su. Ranar Juma'a ce, na samu salla a babban masallacin garin. Da yamma aka ɗauke ni muka hau tudun Verzenay, inda aka gina hasumiya irin ta bakin teku a tsakiyar gonaki a 1909, alhali babu teku ko kusa. Talla ce wani ɗan kasuwa ya yi.

Abokan aikin ba su ƙara tayar da maganar ba, sai mutum ɗaya da ya yi ta zolayata a mota yana cewa na yi asara. Na bar shi da bakinsa.

Maman Sultana, Landan

Allah ya saka muku da alheri. Abban Huzaifa, raba hanya ɗin nan ya kwanta mini, sai dai abincin rana tare za a ci, kuma can ne shugabar za ta yi jawabi. Me ake kawowa?

Yaya Rabi, Brasels

Ƙanwata, nan ne ake yin tuntuɓe, ba a rami ba. Ni na bi mijina da baƙinsa. Mun aika saƙo cewa ba ma sha, ɗan jagoran ya amsa da cewa babu damuwa, ashe bai isar wa kowa ba. Muna zama aka ajiye mini ƙaramin kofi da wani abu mai ruwan zuma, aka ce ai wannan daga ruwan inabi ne. Da na kai hanci na san da magana. Ratafia ne, ruwan inabi da aka zuba wa barasa, ƙarfinsa ya fi na giyar mai kumfa nesa. Mai kawo abincin ba mugunta ta yi ba, a wurinta wanda ya ce ba ya son mai kumfa sai a ba shi mai zaƙi.

Sai ki kula da cakulan ɗin da aka yi da siffar toshiyar kwalba, a naɗe da takarda mai ƙyalli. Barasa ce a cikinsa. Naman da garin ya yi suna da shi, jambon de Reims, alade ne. Miyar da ake zubawa a kan kifi ko kaza sau da yawa da giya ake dafa ta, kuma ba kullum ake rubutawa ba. Ni abin da na ci cikin kwanciyar hankali shi ne kifi gasasshe ba miya, da dankali, da jan biskit ɗin Reims, wanda ƙwai ne da sukari da fulawa.

Kada ki dogara da ɗan jagora kawai. Ki nemi sunan gidan abincin ki rubuta musu da kanki.

Na Maraɗi, Saint-Denis

Ni ba a mota mai sanyi na ga gonakin nan ba, da almakashi da bokiti na gan su. Ina ɗan makaranta na yi aikin tsinkar inabi a watan Satumba, kusa da Épernay. A Shamfen doka ta hana girbi da inji, sai da hannu, shi ya sa duk shekara ake ɗibar mutane sama da 100,000 na mako biyu ko uku. Kurangar ba ta da tsayi, yini ake yi a durƙushe ko a sunkuye. Kwana biyu bayanka ya daina miƙewa, yatsu su yi baƙi, ruwan inabin ya manne a hannu, ga zanzaro na binka. Inda na yi, kilo ake aunawa a biya, don haka ba mai son miƙewa ya sha ruwa. Mai gonarmu dai ya ba mu wurin kwana mai kyau kuma ya biya cif, ba zan ci amanarsa ba.

Ba kowa ne ya yi wannan sa'ar ba. A girbin 2023 mutane biyar sun mutu a lokacin tsananin zafi. A shekarar ce kuma aka gano ma'aikata sama da 50, yawancinsu daga Mali da Senegal da Muritaniya da Kwaddibuwa, an cusa su a wani ruɓaɓɓen gida a ƙauyen Nesle-le-Repons. A 2025 kotu a Châlons-en-Champagne ta ɗaure waɗanda suka kawo su bisa laifin safarar mutane. In an kai ku gona ana nuna muku kyau, Hajiya, ki tambayi mai gonar wa ke tsinkar masa, a ina suke kwana, shi ya ɗauke su ko ɗan kwangila. Masu gaskiya ba sa jin haushin tambayar.

Abban Huzaifa, Liyon

Na Maraɗi, ai tsinkar ma akwai magana a kanta, tunda ka san inda inabin za shi.

Na Maraɗi, Saint-Denis

Na sani Malam. Kuɗin hayar ɗaki ne ya kai ni, da na samu aikin gadi ban koma ba.

Ɗan Damagaram, Reims

Hajiya, tunda kin ce wata mai kamawa, ki duba kwanan watan da kyau. In ya faɗa cikin girbi, ƙananan manoma da yawa ba sa karɓar baƙi, sai tsarin ya koma manyan gidaje kawai, wanda ya fi miki sauƙi. Game da saƙon da Yaya Rabi ta ce, ki rubuta abu uku a fili: ba barasa ko a cikin miya, ba alade, kuma a tanadi ruwan inabi marar barasa. Kada ki ce kawai ba kya sha, don a nan ana ɗaukar hakan a matsayin kina sha kaɗan. Salla kuma, ki sa darduma a jaka. A ƙauyukan babu masallaci, ni a gefen gona nake yin azahar yayin da baƙi suke ciki, kuma direba zai nuna miki wuri in kin tambaye shi.