Muhawara: Shin ɗan koyon rubuta manhajar kwamfuta ya isa a yi masa maganar adalci?

Malam Bashir: Assalamu alaikum jama'a. Abin da na faɗa jiya a aji ina nan a kansa. Wanda bai iya buɗe fayil ya karanta shi layi-layi ba, bai kamata a ɗora masa maganar adalcin algoridim ba, wato ko matakan da aka tsara wa kwamfuta ta bi suna yi wa kowa adalci. Yaro yana fama da tazarar farkon layi a Python, harshen rubuta manhaja, kai kuma kana yi masa wa'azi. Da rarrafe yaro kan tashi.

Hadiza: Wa'alaikumus salam Malam, a yi mini afuwa, ban gamsu ba. Aikin makon jiya ne hujjata. An ce kowane ɗigon hoto yana da ja da kore da shuɗi, ana auna ƙarfin kowanne da lamba daga 0 zuwa 255. Muka rubuta cewa in matsakaicin ukun ya haura 120, mutum ne, in bai kai ba, bango ne, a shafe shi. Da hoton gwajin da aka ba mu, na wata Baturiya, aiki ya yi kyau. Da na sa nawa hoton, fuskata gaba ɗaya ta tafi da bango. Farin mayafina da fararen idanuna kawai suka rage.

Auwal: Haba Hadiza, wannan ai kuskure ne kawai. Ki mayar da 120 ta koma 60, magana ta ƙare.

Hadiza: Na mayar, ya yi. Amma wa ya zaɓi 120 ɗin, kuma hoton wa yake kallo lokacin da ya zaɓa? Da ban gwada da fuskata ba, da na miƙa aikin na ci cikakken maki.

Injiniya Usman: Ƙanwata ta taɓo inda yake. Shekaru da dama kamfanin kayan ɗaukar hoto na Kodak yana daidaita launin hotunansa da katin da ake kira Shirley, hoton farar mace, shi ya sa baƙar fata take fita duhu babu siffa. A 2018 Joy Buolamwini da Timnit Gebru suka gwada manhajojin gane ko fuska ta namiji ce ko ta mace, na IBM da Microsoft da Face++. Kuskure a kan maza farare bai kai kashi 1 cikin ɗari ba, a kan mata masu duhun fata kuwa ya kai kashi 34.7. Waɗanda suka rubuta manhajojin nan ƙwararru ne, abin da ya same su shi ne ba su saba tambayar da wa za a gwada ba.

Malam Bashir: Injiniya, waɗancan manyan tsare-tsare ne da aka horar da dubban hotuna. Ɗalibaina layi goma suke rubutawa, kuma makonnin zangon ƙidayayyu ne.

Auwal: Kuma kar mu mayar da kowace lamba abin zargi. Wajen juya hoto ya koma fari da baƙi ana ninka ja da 0.299, kore da 0.587, shuɗi da 0.114. Dalili shi ne idon ɗan Adam ya fi jin hasken kore. Babu wariya a nan.

Injiniya Usman: Gaskiyarka, kuma ka san dalilin ne saboda ka tambaya. Tambayar nan nake so a koya musu.

Zainab: Malam, ni ko hoto ban kai ba, a karanta fayil na gamu da irin wannan matsalar. Na buɗe jerin sunaye a Windows ban sa encoding="utf-8" ba, wato umarnin da ke sa a karanta haruffa irin namu daidai, sai kowace ƙ ta koma Æ™. Wani abokin karatu ya ce in karanta da ascii, tsarin da ya san haruffan Ingilishi kawai, in ƙara errors="ignore" don a tsallake duk harafin da bai sani ba, shirin zai daina kuka. Ya daina kuwa, amma Ɗanladi ya koma anladi, Ɗahiru ya koma ahiru. Ku ɗauka jerin masu karɓar tallafi ne ana gwada shi da katin shaida. Su wa za a kora daga layi? Mu masu lanƙwasassun baƙaƙe. Layi ɗaya ne tak, kuma a makon farko ake koyar da shi.

Malam Bashir: Wannan ta shige ni, Zainab. Ni kaina na sha ba ɗalibai wannan shawarar don a wuce wurin. Duk da haka ba zan ware lacca guda ta ɗa'a ba, lokacin ba zai isa ba. Abin da zan yi, fayil ɗin gwaji zai ƙunshi ɓ da ɗ da ƙ, hotunan gwaji kuma su zama na fatu iri-iri, aikin da ya faɗi a kan ɗaya bai ci ba.

Auwal: Na yarda da wannan. Amma hotunan wa za a sa? Kar a je a kwaso na mutane a Facebook ba da saninsu ba.

Hadiza: Namu za mu bayar, wanda ya amince kaɗai, a goge su ƙarshen zango. Malam, zan turo nawa na mayafin nan yau da daddare.